Gajere da Sawu na Biyu

Mahaifina matsoraci ne. Na fara da wannan don kada wani ya ce na zo wanke shi ne saboda ni ɗiyarsa ce. Yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, yana tsoron duk wani mai gajeren wando da doguwar safa. In ɗan doka ya gifta ta ƙofar gidanmu a Kankiya, Baba kan shige ɗaki ya ce in an tambaya a ce ba ya nan, alhali ba wanda ya taɓa zuwa nemansa. Sunansa na yanka Dawuda, amma daga Dudunni inda aka haife shi har Kano ba a san shi da wani suna ba sai Gajere. Gajeren ne kuwa. Sai ya ninka buhu huɗu ya ɗora kan kujerar mota sannan yake iya hango hanya.

Ya baro Dudunni yana saurayi, shekarar da fara ta cinye musu gero. A Kankiya ya fara da dakon buhunan gyada, ya koma wankin mota, ya koma bin mota, har shekara tara kafin ya sami lasin. Ranar da ya samu, mahaifiyata Kubura, wadda muke kira Inna, ta ɗinka wa takardar jakar fata kamar laya, ya rataya a wuya. Mutane na mamakin yadda mai tsoro irin nasa ya zama direban gingimari. Ni ban ga abin mamaki ba. Tsoron ne ya sa bai taɓa buge ko akuya ba.

Kamfanin da yake wa aiki na sayen gyada ne. Suna da rumfar awo da babban sito a bakin hanya, da motoci shida masu kai gyada Kano. Tun da Baba ya kama aiki ƙa'idar sawu ɗaya ce a rana. A tashi bayan asuba, a sauke a Kano, a dawo kafin la'asar, a duba mota, a kwana a gida. A kakar gyada ta 1954, ina da shekara takwas, aka kawo sabon Bature. Ba mu san sunansa ba, Mai Agogo ake ce masa, don ko gaisuwa za ka yi masa sai ya ciro agogo daga aljihu ya duba. Mutumin nan ya zauna a inuwa da fensir, ya lissafa mil ɗin da ke tsakanin Kankiya da Kano, ya lissafa gudun mota, ya ce sawu biyu za a riƙa yi.

Fensir ɗinsa bai san taya na fashewa ba. Bai san garken shanu na tare hanya ba, bai san layin sauke kaya a Kano ba, bai san salla ba, bai san ɗan Adam na barci ba. Aka kafa baƙin allo a bangon sito da sunayen direbobi shida. Akawun kamfanin, Malam Basiru, shi ke riƙe da alli, kowane sawu ya ja layi ɗaya. Dokar gajeriya ce: wanda ya kasa cika sawu biyu har sau uku, ya ajiye makulli. Makullin nan kuwa shi ne tuwonmu. Ba mu da gona a Kankiya, ba mu da ko kaza.

Baba ya cika sawunsa kullum. Kafin kowa yake tashi, kafin kowa yake dawowa, saboda ba ya iya jure Malam Basiru ya dube shi ya dubi allo. Cikin wata guda wuyansa ya yi tsawo, idanunsa suka yi ja kamar gauta. Sai mu yi kwana huɗu ban gan shi ba, ina barci ya fita, ina barci ya shigo. In ya sami zama ranar Juma'a, da yake ranar sawu ɗaya ake yi, sai in ga ƙafarsa ta dama tana motsi kan tabarma, tana dannawa tana saki, sau uku, sau uku. Na tambayi Inna ko ciwo ne. Ta ce ba ciwo ba ne, birki yake takawa.

Daga baya na fahimta. Man birki ya ƙare a sito, ba a sayo ba, aka ce wa bakanike ya yi dabara. Dabarar ita ce ruwan sabulu. Shi ake ɗura wa motar da ta ɗauko buhu kusan ɗari. Da safe yakan kama. In rana ta take, ƙarfe ya yi zafi, sai ka taka sau uku kafin ya amsa, wani lokaci sau huɗu, wani lokaci sai ka kira sunan Allah. Sawu na biyu kuwa tsakar zafin nan ake tashinsa.

Shehu ɗan Ƙofa shi ya fara tafiya. Direba ne mai barkwanci, yana da 'ya'ya uku. A sawu na biyu, a wata gangara da ke kaiwa ga ƙaramar gada gaba da Tsanyawa, motarsa ta zarce ta faɗa rafi. Wasu sun ce gyangyaɗi ne, wasu sun ce birki ne. Wanda zai raba gardamar ya mutu. Abin da ba a gardama a kai shi ne wannan: motar da kamfani ya tura wurin sai da ta gama kwashe buhunan gyada sannan aka ɗora gawar Shehu a kansu, naɗe cikin tamfol. Washegari Malam Basiru ya sa gefen hannu ya goge sunansa daga allo, ya rubuta na sabon direba. Shekara arba'in ke nan, amma duk lokacin da na tuna gefen hannun nan sai in ji abinci ya fita raina.

A nan Maharazu ya shigo. Shi ma direban kamfanin ne, tsohon soja, a yaƙin Bama ya koyi mota. Dogo ne mai murya, kuma ya zauna da ma'aikatan jirgin ƙasa a Kano ya ga yadda suke haɗa kai. Ya zo da takarda da kwalbar tawada ya ce za a kafa ƙungiyar direbobi, kowa ya dangwala yatsa, a kai wa jami'in ƙwadago a Kano don a san da su. Mutum huɗu suka dangwala, shi na biyar. Ya iso kan Baba, Baba ya mai da hannuwansa baya.

"Gajere, kawo yatsa."

"Ni ba ni sa hannu a tawada."

"Tawada ce fa, ba wuta ba."

"Yayana Kabo ma haka aka ce mashi."

Kabo dai lokacin yaƙi aka sa shi ya dangwala yatsa a wata takarda, bai san me ke ciki ba, sai ga shi a Jos yana haƙar kuza cikin sanyi. Ya dawo da tari, bai ga damina biyu ba. Tun daga nan Baba ya ɗauka duk takardar da ta sha yatsanka ta mallake ka. Maharazu ya yi lallashi, ya yi zagi, ya ce masa ko kazar amarya ta fi shi zuciya. Baba ya ce ya ji, ya yarda, a bar shi. Aka bar shi. Suka daina yi masa maganar, suka ma daina yin ta a gabansa, don suna ganin in Malam Basiru ya ɗaga masa gira zai zazzage komai.

Wata Alhamis taya ta fashe masa bayan Bichi, ya makara a karo na farko. Ya iso Kankiya an riga an sallame azahar. Masallacin da ke bakin sito ba gini ba ne, fili ne da aka kewaye da duwatsu a gindin tsamiya. Ya yi alwala a gurguje, ya zo ya tarar da direbobin biyar a zaune, hannuwa sama, Maharazu na addu'a ƙasa-ƙasa. Ku gaya mini, wane Musulmi ne zai iske an ɗaga hannu ya tsaya tambayar me ake roƙo? Baba ya durƙusa a bayansu ya ɗaga nasa. Suka ce amin, ya ce amin. Aka ce Fatiha, ya karanta, ya shafa a fuska. Da suka waiwayo suka gan shi, sai suka dubi juna. Can ɗaya daga cikinsu ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Gajere, ka shafa?"

"Na shafa mana. Mi aka roƙa? Gafara ga Shehu?"

"Ka ji shi! Ya ce amin bai san mi aka roƙa ba."

Maharazu bai yi dariya ba. Ya matso ya dafa kafaɗarsa. "Mun yi alkawari ne. Daga jibi Asabar ba mai ƙara yin sawu na biyu sai an sauke doka an kawo man birki. Muka roƙi Allah, duk wanda ya shafa wagga Fatiha ya kuma tada mota sawu na biyu, kada Allah shi ba shi sa'ar hanya."

"Ni ban ji ba!"

"Ba ka ji ba, amma ka shafa. Ga ruwan alwala nan bai bushe a gemunka ba."

"Ku warware mani ita."

"Ana warware Fatiha? Igiya ce?"

Baba ya ce ranar ya yi azahar bai san raka'a nawa ya yi ba.

Da safiyar Juma'a kafin ya fita na ji su da Inna a tsakar gida, ina kwance ina yi kamar barci. Ya faɗa mata komai. Ya ce in ya ƙi tashi ranar Asabar za a karɓe makulli, wataƙila ma a kira 'yan doka. In ya tashi kuma, ya tashi da bakin mutum shida a kansa, har da nasa, ga ruwan sabulu a birki, ga gadar da ta ci Shehu tana jira.

Inna ta daɗe tana hura wuta kafin ta ce, "Malam, ni ban san ƙungiya ba, ban san Bature ba. Abu ɗaya na sani, ba ni so a kawo mani kai cikin tamfol."

"To mi za ku ci?"

"Ban sani ba."

"Kin gani? Ba ki sani ba."

"Matar Shehu ma ba ta sani ba, ga shi kuma ba ta da Shehu."

Bayan an sauko daga Juma'a ya wuce wurin Modibbo, wani tsohon malami Bafillace da ke karantarwa a zaurensa a bayan kasuwa. Ya zube ya kwashe labari ya faɗa. Modibbo ya ce masa alkawari sai da niyya, wanda bai ji ba kuma bai ƙudura ba babu komai a wuyansa.

"Allah shi gafarta Malam, amin ɗin fa? Ta riga ta tafi."

"Wanda ta tafi wurinSa Ya san ba ka sani ba."

"To in na kai gangara na taka birki sau uku bai kama ba, mi zan ce ma raina? In ce Malam ya ce babu komi?"

Modibbo ya yi murmushi, sai kuma murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Dawuda, wannan ba ta cikin littattafaina. Na faɗa maka abin da shari'a ta ce. Abin da ƙafarka za ta yi a gangara, kai ka san ta."

Baba ya dawo gida ya ce wa Inna malam ya sake shi. Ya faɗa sau biyu, da ƙarfi, kamar mai yi wa kurma magana. Amma tuwon da aka ajiye masa haka aka ɗauke shi.

Abin da ya faru ranar Asabar shi da bakinsa ya ba ni labari, sau ɗaya tak, bayan na yi aure. 'Yan dako biyu da suke wurin sun ba ni irinsa, ba su saɓa ba.

Malam Basiru ya riga ya ji ƙishin-ƙishin. Da asuba ya tura Maharazu ƙauyukan Kunduru kwaso gyada, aikin da zai cinye masa yini, don kada ya kasance a sito lokacin tashin sawu na biyu. Sauran biyar suka tafi Kano. A hanyar dawowa Baba ya yi shawara da zuciyarsa: yau ba zai riga kowa isa ba. Duk wanda ya fara isa shi za a fara yi wa lodi, shi zai fara cewa a'a ko ya fara karya alkawari. Bari wani ya fara, ya ga yadda za ta kaya. Ya rage gudu. Ya leƙa baya, sai ya ga motoci huɗu jere a bayansa, su ma sun rage. Ya tsaya a gefen hanya kamar mai duba taya. Suka tsaya can nesa, kowa ya sauka yana duba tasa tayar. Jarumawan da suka dangwala yatsa ke nan, masu ce masa kazar amarya. Maharazu ba ya nan, kowa na neman bayan da zai ɓuya, kuma bayan da suka samu shi ne na mutumin da ya fi su gajarta.

Haka suka shigo Kankiya kamar masu rakiyar gawa, Baba a gaba.

'Yan dako suka hau lodi. Baba na zaune a mota, hannu kan sitiyari, yana jin kowane buhu na sauka a bayansa, motar na ƙara nutsewa. Rana ta take. Ya taka birki motar na tsaye don ya gwada, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta gamu da komai ba. Ya sake takawa, ya sake. A na huɗu ya ɗan ji tauri. Aka ɗaure tamfol, aka buga jikin mota alamar an gama. Ya tada inji. Ya ce wallahi niyyarsa ya tafi, ya ma sa giya. Sai ya ga gangarar nan a idonsa kamar yana kanta, ya ji muryarsa da kansa tana cewa amin. Ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗagowa daga kan kuloci. Ya kai hannu ya kashe mota.

Malam Basiru ya taho da alli a hannu. "Gajere, lafiya? Ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba, Malam."

"To tashi mana, rana na yi."

"Na shafa Fatiha."

"Ka shafa mi?"

"Fatiha. Ban sani ba na shafa."

"Kai, Gajere, kai ne yau? Ka san ko 'yan doka na nan kusa? Ka san mutum nawa ke zuwa nan kullum da lasin a hannu suna roƙon mota?"

"Na sani, Malam."

"To?"

Akawu ya tafi ya kira Mai Agogo. Baturen ya fito da jar fuskarsa, ya ciro agogon ya ɗora kan hancin mota, ya sa Malam Basiru ya fassara: minti biyar, ko mota ta tashi ko makulli ya dawo. Wurin ya cika. 'Yan dako, masu awo, manoman da suka kawo gyada a jakuna, mata masu fura, kowa ya bar abin da yake yi. Direbobin huɗu suna can gindin tsamiya, ba wanda ya matso.

Baba ya sauko. Ya cire takalmi, ya cire hula, ya tsuguna gaban Bature kamar yadda ya saba tsugunawa gaban kowane babba, kansa a ƙasa. Kowa ya ɗauka tuba zai yi. Malam Basiru har ya fara murmushi.

"Ranka shi daɗe," in ji Baba, "ba ni zuwa."

Bature ya tambayi me ya ce. Aka faɗa masa. Ya ce a sake tambayarsa.

"Ranka shi daɗe, a yi mani rai. Ina tsoronka ƙwarai. Amma ba ni zuwa."

Yana tsugune ya miƙa makullin da hannu biyu. Malam Basiru ya fizge, ya juya wajen tsamiya ya ɗaga shi sama. "Wa zai ja wagga mota? An riga an yi lodi, sawu ne a sauƙaƙe." Ba wanda ya motsa. Ya kira su ɗaya ɗaya da suna. Na farko ya dubi Baba a tsugune cikin rana, ya dubi mutanen da ke kallo, ya ce shi ma ya shafa. Wani tsohon ɗan dako ya ɗaga murya ya ce, "Yo in Gajere ya ƙi, uban wa zai je?" Aka yi dariya. Na biyu ya ce ya shafa, na uku, na huɗu. Kunya ce ta tsayar da su, ba na ba su lambar da ba su ci ba. Kafin la'asar Mai Agogo ya karɓe makulli biyar, da Maharazu ya dawo da yamma ya ajiye nasa kan tebur da kansa.

Kwana tara motocin na tsaye. Kamfani ya aika Kano neman direbobi, waɗanda suka zo suka taka birki sau ɗaya suka koma. Gyada ta cika sito ta fito fili, manoma na ta kawowa. Kwana taran nan Baba bai leƙa ko zaure ba. Duk sallamar da aka yi sai ya zabura ya ce sun zo. Ya haɗa 'yan kayansa a ƙunshi ya ajiye bakin ƙofa don in an tafi da shi gidan yari kada ya tafi hannu sake. Ni da ƙannena aka hana mu wasa a waje. Inna ta sayar da tasoshinta na aure, muna shan kunu safe da yamma. Ba ɗan dokan da ya zo. Amma wanda bai zauna a gidan da ake jiran ɗan doka ba, bai san tsawon kwana tara ba.

A rana ta goma jami'in ƙwadago ya zo daga Kano da takardar ƙungiya a jakarsa, aka zauna. Aka sauke doka zuwa sawu uku cikin kwana biyu. Aka ce za a kawo man birki na gaskiya. Aka ce duk ɗan ƙungiyar da aka karɓe wa makulli a mayar masa. Aka buɗe takarda aka ƙirga yatsu: biyar. Mai Agogo ya ce shi da ƙungiya ya yi sulhu, Gajere kuwa ba ɗan ƙungiya ba ne, ma'aikaci ne da ya ƙi aiki a gaban jama'a don kansa, kuma ba ya son sake ganinsa a sito.

Maharazu ya zo gidanmu da yammacin ranar. Bai iya zama ba, a tsaye ya yi maganar, yana murza hula.

"Na yi magana, Gajere. Wallahi na yi. Na ce a kawo tawada yanzu ka dangwala, suka ce takarda ta riga ta shiga ofis, ba a ƙari."

Baba ya ce, "Ba komi. Ba za a kama ni ba dai ko?"

"Ba mai kama ka."

"To alhamdu lillahi."

Inna ce ta yi magana daga bakin ɗaki, ita da ba ta saba tanka wa baƙo namiji ba. "Maharazu, kun karɓi makullanku?"

"Mun karɓa, Kubura. Yara na jin yunwa. Kwana tara..."

"Mu a nan nama muke ci? Da kun ce ba ku tada mota sai da shi, kwana nawa za ku ƙara? Ɗaya? Biyu? Gyada ta cika masu fili. Fatihar ta ku shida ce lokacin shafawa, da aka zo rabon makulli ta zama ta mutum biyar?"

Maharazu ya sa hularsa ya fita. Har ya mutu ana ce masa uban ƙungiya a Kankiya, ni ma ban ce bai yi ƙoƙari ba. Amma na ji da kunnena ana ba da labarin yajin nan a taro, ana jera sunaye biyar, ana tafi. Na miƙe na ce saura ɗaya. Aka ce Hajiya a zauna, ba ya cikin takarda.

Baba ya nemi mota a wasu wurare har wata biyu. Duk inda ya je labari ya riga shi isa: shi ne gajeren nan da ya ƙi Bature. Masu mota ba sa son irin wannan direba, ko da a tsugune ya ƙi. Kafin damina ta faɗi muka tattara muka koma Dudunni, inda dangi suka yanka masa gefen gona. Maharazu ya aiko cewa zai zo da mota ya kai mana kaya. Inna ta ce a gaya masa an gode, ta nemo jakuna uku.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana noman gero da dawa da wake. Hannunsa da ya saba da sitiyari ya yi kanta, bayansa ya ranƙwafa, ba mu ƙara cin shinkafa ba sai da salla. Daga gonar nan ya tura ni makaranta, da hukuma ta ce kowane gari ya ba da 'ya'ya mata, wasu na ɓoye nasu, shi tsoron mai gari ya sa ya miƙa ni. Bai sake riƙe makullin mota ba. Ya rasu a ɗakinsa wata Talata da hantsi, bayan zazzaɓin kwana uku, Inna na zaune a gefensa, aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani fari kamar kowa.